Hill, Jefferson ko Chase? Gardamar Masu Cafka a Ƙwallon Amurka

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ɗalibi ne a jami'ar nan ta Damagaram, ina zaune a Garin Malam. A fadarmu ƙwallon Turai muka sani, amma tun da wani abokinmu ya fara nuna mana guntayen bidiyo na ƙwallon Amurka a salularsa, wadda ake jifa da hannu ana sanye da hular kwano, gardamarmu ta sake salo. Waɗanda ke rugawa su cafke ƙwallo a sama su suka fi burge mu. Ni na ce Tyreek Hill ya fi kowa, tunda in ya zura ba mai cim masa. Wani ya ce Justin Jefferson, wani ya ce Ja'Marr Chase. Sai mai salular ya binciko lissafi ya ce kowa ya yi shiru, Michael Thomas ne ya fi kowa yawan cafka a kaka guda, don haka shi ne gwani. Malam, ka raba mu. Yawan cafka ne ma'auni? Kuma me ya sa wani ke tsayawa shi kaɗai can bakin fili, wani kuma ya raɓe kusa da cunkoson ƙartin nan?

Daga wani mai karatu, Garin Malam, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaida mini mutanen fada, ka ce da mai salula lissafinsa daidai ne. Michael Thomas na New Orleans Saints ya cafke ƙwallo sau 149 a kakar 2019, kuma ba a taɓa yin adadin da ya kai wannan a kaka guda a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba. Hukuncin da ya ɗora a kan lissafin ne ban yarda da shi ba. Tambayar da ka jefo a ƙarshe ita ce ya kamata mu fara da ita, domin inda mutum ya tsaya kafin a taɓa ƙwallo shi ke gaya maka aikin da aka ba shi, kuma aikin nan shi ke haifar da lissafin da kuke ta da jijiyar wuya a kansa.

Ga ƙa'idar wasan a gurguje, saboda sauran masu karatu. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Tsawon fili yadi 100 ne, kimanin mita 91, ban da gidan kowace ƙungiya a ƙarshensa. Masu kai hari suna da yunƙuri 4 su ci gaba da yadi 10. In sun yi, a sake ba su wasu 4, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ƙwallo gidan abokan karawa, ko ya cafke ta a ciki, ya ci, maki 6 ke nan. Sau ɗaya tak ake jefa ƙwallo gaba a kowane yunƙuri, kuma kusan kullum mutum ɗaya ne ke jefa ta, shi ne mai jifa, jagoran hari.

Akwai wata doka guda da ita ce tushen tambayarka. Dole mutum 7 cikin masu kai hari su jeru a kan layin ƙwallo kafin a fara. Biyar na tsakiya, ƙartin nan masu tare hanya, ba a yarda a jefa musu ƙwallo ba. Biyun da ke ƙarshen layi dama da hagu, da waɗanda suka ɗan ja baya daga layin, su ne ke da izinin cafka. Daga wannan doka aka samu matsayi uku na masu cafka.

Na farko shi ne wanda ka gani shi kaɗai can bakin fili. A allon koci harafin X ake sa masa. Yana cikin mutum bakwai ɗin nan, ƙafarsa a kan layi, don haka ba shi da damar motsawa sai an ɗaga ƙwallo daga ƙasa, wato an fara yunƙuri. Mai gadinsa, wanda galibi shi ne mafi ƙwarewa a ɓangaren tsaro, kan zo ya tsaya masa ido cikin ido, tazarar da ba ta wuce taku ɗaya ba. Tun daga 1978 doka ta hana mai gadi dafa mai cafka in sun wuce yadi 5, amma cikin yadi biyar ɗin nan yana da ikon dunguri da turi son ransa. In ka samu bidiyon da aka rage wa gudu, ka kalli daƙiƙar farko kawai. Za ka ga mai cafka ya ɗan taka hagu, ya karkata kafaɗa, mai gadi ya miƙo hannu zai dafa masa ƙirji, shi kuma ya doke hannun ya sulale ta dama. In ya makara da rabin daƙiƙa a wannan kokawar, mai jifa ya riga ya ɗauke kai ya duba wani. Ga kuma layin gefe a kusa da shi, wanda ke taimaka wa mai gadi, tunda a NFL sai ƙafafu biyu sun taka cikin fili ake lissafa cafka. Shi ya sa ake son dogo mai ƙarfi a nan. Calvin Johnson na Detroit Lions, mai tsawon mita 1.96 da nauyin da ya haura kilo 100, shi ne misalin da kowa ke kawowa.

Na biyu, Z, yana ɗaya gefen, amma ya ja baya da taku ɗaya ko biyu daga layi. Wannan ƴar tazarar ba ƙaramar gata ba ce. Hannun mai gadi ba ya kai masa nan take, kuma doka ta yarda ya yi gudu a kaikaice kafin a ɗaga ƙwallo, muddin bai nufi gaba ba. Gwaninka Hill ya ci moriyar wannan sosai a Miami a 2023: sai a sa shi ya taso a guje zuwa gefe, a ɗaga ƙwallo yana cikin gudun, mai gadi kuwa yana tsaye cik. Mutumin da ko daga tsaye ba a kamo shi, an ba shi fora.

Na uku shi ne wanda ka ce ya raɓe kusa da cunkoso. Ni ɗan lungu nake ce masa, domin a ratar da ke tsakanin ƙartin layi da na bakin fili yake tsayawa. Yana da hanya biyu, ciki ko waje, kuma wanda ke gadinsa sau da yawa ba shi ne na ɗaya ba, wani lokaci ma ƙato ne mai nauyin jiki da aka ajiye don tare masu gudu da ƙwallo. Jifar da ake masa gajera ce, yadi 5, yadi 8, tana zuwa da sauri, tana da sauƙin isa. Ladan wannan sauƙin shi ne duka, don a tsakiyar fili yake cafka inda ake jiransa ta ko'ina. Kuma sai yana da kai. Sau da yawa ba a gaya masa inda zai juya, shi zai karanta tsayuwar masu tsaro yana cikin gudu ya zaɓa, mai jifa ma ya karanta daidai da shi. In tunaninsu ya saɓa, ƙwallo ta faɗa hannun abokan karawa.

Ka ɗauki ɗan kabu-kabun da ke yini yana kurɗawa lungunan Birni, daga ƙofar fadar Sarki zuwa Kasuwar Dole ya dawo, ka haɗa shi da direban bas da ya kama kwalta zuwa Yamai. In yawan sauke fasinja za a ƙirga, ɗan kabu-kabu ya yi wa direba fintinkau kafin azahar. In kilomita za a ƙirga, zancen ya juye. Mai salularku fasinja ya ƙirga.

Babu inda wannan ya fito fili kamar New England Patriots a 2007, domin a ƙungiya ɗaya, da mai jifa ɗaya, Tom Brady, aka ga iri biyun. Wes Welker, ɗan lungu mai tsawon mita 1.75 wanda ko zaɓarsa ba a yi ba a zaɓen sabbin ƴan wasa da ƙungiyoyi ke yi lokacin da ya fito daga jami'a a 2004, ya cafke 112, yadi 1,175, ci 8. Randy Moss, dogo mai mita 1.93 a bakin fili, ya cafke 98, yadi 1,493, ci 23, kuma ci 23 ɗin nan shi ne mafi yawa da mai cafka ya taɓa yi a kaka guda. Raba ka gani: kowace cafkar Welker yadi 10 da rabi, ta Moss ta haura 15. A ma'aunin abokinka Welker ya fi Moss. Ko Welker da kansa ba na jin zai yarda a faɗi haka a gabansa.

Abin da lissafi bai nuna ba shi ne yadda ɗaya ke ciyar da ɗaya. Masu tsaro suna da mutum ɗaya ko biyu da ke tsayawa can baya, su ne katangar ƙarshe. Tsoron kada Moss ya wuce ta sama ya sa ake tura ɗaya daga cikinsu ya jingina ɓangarensa, mutum biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Da zarar an yi haka tsakiyar fili ta yi sako-sako, Welker ya shiga ya yi ta tsinta. Ranar da aka gaji da tsintar Welker aka matso gaba, Moss ya wuce. Akwai yunƙurin da Moss zai zura yadi 40 ya san sarai ba shi za a jefa wa ba, ya dai janye mutum biyu ne daga hanya. Ba a rubuta masa komai a takarda, alhali shi ya buɗe ƙofar. Sun ci wasanninsu 16 duka a kakar. Sai ga shi a Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofin gasar, a watan Fabrairun 2008, New York Giants ta doke su 17 da 14, kuma ba don an fi Moss gudu ba: sau 5 aka kayar da Brady da ƙwallo a hannu kafin ya jefa. Hanya mai nisa tana son lokaci, in ƙartin gaba ba su ba mai jifa daƙiƙa uku ba, gudun na bakin fili ya tashi a banza.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu kallon ƙwallon Turai ke saurin mantawa. A ƙwallon da muka saba, ɗan gaba in an hana shi ƙwallo yana iya komowa tsakiya ya ƙwato, ya yanke mutum uku ya ci. Mai cafka ba shi da wannan. Ko ya bar mai gadinsa a ƙasa warwas, in ba a jefo ba, ko aka jefo ba daidai ba, haka zai koma hannu rabbana. Shi dai Moss ɗin nan, shekara ɗaya kafin ya zo New England, yana Oakland Raiders, ƙungiyar da ta ci wasa 2 kacal cikin 16. Ya cafke 42, yadi 553, ci 3. Har an fara cewa ya ƙare, aka sallama shi da araha. Daga ci 3 zuwa 23 cikin shekara guda, ƙafafun su ne dai, hannun da ke jifa ne ya sauya. Cooper Kupp na Los Angeles Rams ma haka: a 2020 ya cafke 92, yadi 974, ci 3. Aka kawo mai jifa Matthew Stafford a 2021, sai ga 145, yadi 1,947, ci 16, ya zo na ɗaya a duka ukun, ya kuma zama gwarzon Super Bowl na kakar. Ba banza ba har yau babu mai cafka ko ɗaya da ya taɓa lashe babbar kyautar gwarzon shekara ta NFL. Masu jifa ne suka fi kwashe ta.

Stafford ɗin nan kuwa shi ne ya jefa wa Calvin Johnson a 2012, shekarar da ya tara yadi 1,964, adadin da ya fi na kowa a kaka guda. Amma ka dubi abin da ke bayan wannan adadi. Detroit ta ci wasa 4 ta sha kashi 12 a kakar, Johnson kuma ci 5 kawai ya yi. Ƙungiyar da ake ci ba ta da lokacin gudu da ƙwallo a ƙasa, jifa take ta yi don ta farke, har Stafford ya jefa sau 727. Saboda haka yawan yadi ma, wanda na fi ganin girmansa a kan yawan cafka, yana iya zama alamar ƙungiya na cikin wahala. Sai ka ƙara da cewa tun 2021 wasa 17 ake yi a kaka, Johnson da Moss da Thomas kuwa a 16 suka yi nasu.

Ɗan wana da ke zaune a Greensboro, garin nan na Amurka da ƴan Nijar suka yi yawa, shi ya fara jawo hankalina ga labarin Nelson Agholor, don ya san zan so shi. A Legas aka haife shi, yana yaro iyayensa suka koma Amurka. Philadelphia Eagles ta ɗauke shi na 20 a zaɓen sabbin ƴan wasa na 2015, aka ajiye shi a bakin fili. Shekara biyu abin ya ƙi: cafka 23 a ta farko, 36 a ta biyu, ga sakin ƙwallo, ƴan kallon garin kuwa ba su da haƙuri, suka sa shi a gaba da ihu. A 2017 aka matsar da shi lungu. Ya cafke 62, yadi 768, ci 8, kuma a Super Bowl na Fabrairun 2018 da suka doke New England 41 da 33, shi ya cafke 9. Wanda ya yanke masa hukunci a ƙarshen 2016 zai ce ba ɗan wasa ba ne. Matsawar da bai fi taku goma ba aka yi masa.

To, mu zo kan mutanenku uku.

Hill gajere ne, mita 1.78, kuma gaskiyarka, gudunsa daban ne. Amma kada ka rage masa daraja ka ce gudu kawai gare shi. Kowace shekara ana gwada sabbin ƴan wasa a tseren yadi 40, kuma John Ross ya yi shi a daƙiƙa 4.22 a 2017, Cincinnati ta ɗauke shi na 9, ya gama kakarsa ta farko bai cafke ko ɗaya ba. Abin da Hill ya fi shi da shi shi ne birki, da iya bin ƙwallo da ido tana tafe ta bayan kansa, da tsalle ya ƙwace ta a hannun wanda ya fi shi tsawo. Lokacin da yake Kansas City tare da mai jifa Patrick Mahomes, ƙungiyoyi da yawa suka koma ajiye mutum biyu can baya kusan kowane yunƙuri, sun gwammace a yi ta cin su kaɗan-kaɗan da a ci su gaba ɗaya. Da aka sayar da shi ga Miami a 2022 mutane suka ce yanzu za a gane Mahomes ne ya yi shi. Ya ba su amsa da yadi 1,710, shekara ta biye 1,799. Sai dai ka shirya, don abokan gardamarka za su tuna maka cewa Kansas City ta ɗauki Super Bowl biyu a jere bayan tafiyarsa.

Chase na Cincinnati Bengals ƙarfi ne nasa. Ba dogo ba ne can, amma in an yi masa gajerar jifa, mai gadi ya rungumo shi, sai ya kakkaɓe shi ya ƙara yadi 50 da ƙafarsa. A 2024 ya zo na ɗaya a cafka da yadi da ci: 127, 1,708, 17. A wani wasa da Baltimore a watan Nuwamban shekarar ya tara yadi 264 da ci 3 shi kaɗai, aka kuma doke su 35 da 34. Abin da zan sa a ɗaya gefen sikeli shi ne gatan da ya samu. Joe Burrow ke jefa masa tun suna jami'ar LSU, sun san numfashin juna, ga kuma Tee Higgins a ɗaya gefen wanda ba a isa a bar shi sakaka ba.

Jefferson ma a LSU ɗin yake tare da su a 2019, shekarar da suka ɗauki kofin jami'o'i, kuma a lokacin shi ne ɗan lungu, Chase na bakin fili. Ya cafke 111, amma masu zaɓe suka yi ta tantama ko zai iya da mai gadi ido cikin ido. Masu cafka huɗu aka ɗauka kafin shi a 2020, Minnesota Vikings ta same shi na 22. A kakarsa ta farko aka fitar da shi bakin fili ya yi yadi 1,400, ta biyu 1,616, ta uku 1,809. A cikin ta ukun ne, Nuwamban 2022 a Buffalo, ya yi cafkar da nake so ku nemo ku kalla a fada. Ana cin su, lokaci ya kusa ƙarewa, yunƙuri na huɗu ne kuma saura yadi 18, wato in ba a samu ba wasa ya ƙare. Kowa a filin ya san shi za a jefa wa. Mai jifa Kirk Cousins ya jefa ƙwallo ta yi sama da yawa, mai gadin da ke bayansa ya riga ya sa mata hannu biyu. Jefferson ya yi tsalle da baya, ya miƙa hannun dama kaɗai, ya fizge ta daga tsakanin hannuwan mutumin suna faɗuwa, ya riƙe ta bai bari ta taɓa ƙasa ba. Yadi 32. Suka ci wasan 33 da 30 bayan ƙarin lokaci.

In dole sai na zaɓi ɗaya cikin ukun, Jefferson zan ɗauka, ba don wannan cafkar ba. Dalilina shi ne duk inda aka ajiye shi yana yi, X ko Z ko lungu, saboda haka masu tsaro ba su san ta inda za su tare shi ba. Kuma an gwada shi da sauyin mai jifa. A 2023 ciwo ya sa wasa 10 kawai ya buga, Cousins ma ya ji ciwo aka yi ta canje-canje, duk da haka ya haura yadi 1,000. A 2024 aka kawo mai jifa Sam Darnold, wanda ƙungiyoyi da dama suka riga suka sallama, Jefferson ya yi yadi 1,533. Gwajin nan da ya kayar da Moss a Oakland, Jefferson ya tsallake shi. Ka yi haƙuri, ɗana. In ƙungiyata na da komai sai mai tsorata ƴan baya, Hill zan nema. Amma tambayar fadarku ba ita ce wannan ba.

Michael Thomas fa? Gwani ne a abin da aka sa shi. Yadi 1,725 ya tara a 2019, wato kowace cafka ba ta kai yadi 12 ba, ta Calvin Johnson a 2012 kuwa 16 ce. Drew Brees, mai jefa wa Thomas, ya manyanta a lokacin, jifa gajera mai daidaito ita ce makaminsa, Thomas kuma ya iya yanko ciki ya sa jikinsa tsakanin mai gadi da ƙwallo, hannunsa ba ya saki. Sun dace da juna. Bayan wannan kaka ciwon idon sawu ya addabe shi, bai sake komawa kan ganiyarsa ba.

In kuma gardamar ta koma kan waye ya fi kowa tun da aka fara, ku huta da shayinku, an daɗe da gama wannan. Jerry Rice, wanda San Francisco 49ers ta ɗauko daga wata ƙaramar jami'a a Mississippi a 1985, ya yi kaka 20, ya cafke 1,549, yadi 22,895, ci 197 ta hanyar cafka. Mai bi masa a yadi, Larry Fitzgerald, yana da 17,492. Tazarar ta haura yadi 5,000. Za a ce ai Joe Montana da Steve Young ne suka jefa masa, kuma gaskiya ne. To amma yana da shekara 40, a wata ƙungiyar daban, Oakland, a 2002, ya cafke 92 ya yi yadi 1,211. Ba a san shi da gudun fitar hankali ba. Abin da aka san shi da shi shi ne duk hanyoyinsa iri ɗaya suke farawa, mai gadi ba ya gane ko zai tsaya ko zai wuce sai ya riga ya juya. Fitzgerald ɗin ma abin lura ne a zancenmu: da ƙafa ta fara nauyi, koci Bruce Arians ya mayar da shi lungu daga 2013, ya kuma cafke 109 a 2015 yana da shekara 32.

Masu ƙungiyoyi, da suke biya da kuɗinsu, sun nuna inda suka karkata. Jefferson ya sa hannu a kan dalar Amurka miliyan 140 na shekara 4 a 2024, Chase ya zarce shi, ya samu miliyan 161 a 2025. Wanda zai iya kayar da mai gadi na ɗaya shi kaɗai, har a tilasta ƙara masa na biyu, shi ake zuba wa irin wannan kuɗi.

Matsalar guntayen bidiyon salula ita ce cafka kawai suke nunawa. A wasa guda ƙungiya kan yi jifa 30 zuwa 40, babban gwani ya samu kamar 10 a ciki. Sauran lokacin yana janye masu tsaro ne, ko yana tare wa mai gudu da ƙwallo hanya, aikin da Hines Ward na Pittsburgh ya yi suna a kansa har masu tsaro ke shakkarsa. Ku haɗa kuɗin intanet ku kalli wasa ɗaya cikakke. Wasannin farko na ranar Lahadi suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogonmu a Satumba da Oktoba, su koma ƙarfe 7 daga farkon Nuwamba. Super Bowl kuwa sai wajen sha biyu da rabi na dare. Kafin a ɗaga ƙwallo, ku bar kallon mai jifa, ku nemi mutum biyun nan na can baya ku ga ɓangaren wa suka karkata. Ku ƙirga sau nawa suka jingina wajen Jefferson, sau nawa wajen abokin aikinsa, sannan mai salula ya kawo nasa lissafin a gwada.